Shekara 30 ina cewa taƙawa tsoro ce: wanda ya riƙe fassara ya riƙe ma'ana kuwa?

Telan Kasuwar Barci ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shagona yana Kasuwar Barci a Tudun Wadar Kaduna, shekarata 47. Bara bayan babbar salla na shiga ajin Larabci na dare a wata Islamiyya da ke bayan layinmu, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe goma, kwana uku a mako. Mu 14 ne a ajin, akwai direban tifa, akwai mai sayar da kayan gyaran babur, akwai wani tsohon soja. Abin da ya kawo ni nan wani abu ne da ya faru a ajin makon jiya, wanda har yau in ina taka keke sai in ga ƙafata ta tsaya ina tunaninsa.

Tun ina yaro a zauren malaminmu, Allah ya jiƙansa, haka muka ɗauki karatu: ya ja kalma, ya ba da Hausarta, mu maimaita. Ittaƙullaha, ku ji tsoron Allah. Almuttaƙina, masu tsoron Allah. Kowace Juma'a liman ya faɗa a kan mumbari, mai fassara ya ce ku ji tsoron Allah. Ban taɓa tambaya ba, don ban ga abin tambaya ba. Da wannan na tashi, da shi na tarbiyyantar da 'ya'yana biyar. Yaro ya yi ƙarya, in ce masa ka ji tsoron Allah. Kuma abin da nake nufi, wanda shi ma yake ji, shi ne tsoro irin na wanda ya hango bulala.

To makon jiya malaminmu na dare yana nuna mana yadda kalmomin Larabci suke tsirowa daga tushe mai harafi uku. Ya rubuta wau, ƙaf da ya a allo, ya ce ma'anar wannan tushe ita ce karewa, tsarewa. Sai ya ce mu karanto addu'ar da kowa ya haddace, Rabbana atina, har zuwa waƙina azaban nar. Ya ce wannan “ƙi” da ke cikin waƙina, wato ka kare mu, daga nan ta fito. Muka ce to. Sai ya buɗe Suratun Nahli, aya ta 81, inda aka ambaci riguna masu kare mutane daga zafi, taƙikumul harra. Da ya zo nan ya ɗago kai ya dube ni ya ce, “Tela, wannan taka ce.” Sannan ya rubuta taƙawa a ƙarƙashinsu, ya ja mata layi.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara 30 da ɗoriya ina ɗinka wa mutane abin da zai kare su daga rana da hunturu, ban san sana'ata da kalmar da nake ji kowace Juma'a uwarsu ɗaya ba. Na dawo gida barci ya gagare ni. Domin karewa daban, tsoro daban. Mai tsoro gudu yake yi, ko ya ƙame wuri ɗaya. Mai kare kansa kuwa shiri yake yi, ya sa riga, ya sa takalmi, ya duba inda zai taka. Da na san haka tun farko, da ba haka zan riƙa yi wa babban ɗana magana ba lokacin yana ɗan shekara 15. Tsoro na cusa masa, ya kuwa gudu ɗin. In na shigo ta ƙofa ya fita ta baya. Sai da ya yi gemu muka dawo muna zama a tabarma ɗaya.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, da na duba littafin rubutuna na tarar da kalmomi uku, haufu, hashya da taƙawa, duka ukun “tsoro” na rubuta a gabansu da hannuna. Uku suka shiga, ɗaya ta fito. Ina sauran suka maƙale?

A sana'armu ɗinki iri biyu ne. Akwai wanda mai kaya zai zo da kansa, in sa tef in auna kafaɗa, hannu, ƙirji da tsawo, in ga yadda yake tsayuwa, in lura ko kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka. Akwai kuma wanda zai aiko yaro da yadi da tsohuwar riga, ya ce a bi wannan. Ina bi, kuma rigar takan shiga. Amma duk inda telan farko ya rage ni ma zan rage, in tsohuwar rigar ta sha wanki ta tsuke tawa ma a tsuke za ta fito, ni kuwa ban taɓa ganin jikin mutumin ba. Haka nake jin karatuna na baya yanzu, kamar tsohuwar riga aka aiko mini.

Ga tambayoyina, ina roƙon masana su taimaka don Allah. Wanda bai iya harshen asali ba, fassara kaɗai ya riƙa, ma'anar ya samu ko inuwarta? Ba don kaina kaɗai nake tambaya ba. Mahaifiyata ta rasu ba ta san Larabci ba sai abin salla, amma duk azumi rediyonta na kusa da murhu, tana tuƙa tuwo tana sauraron tafsiri, wani lokaci har da hawaye. Me ta riƙa?

Sannan yanzu da nake koyo, in ci gaba da rubuta Hausar kowace kalma a gefenta, ko wannan ɗabi'ar ce take tare mini hanya? Wani ɗan ajinmu ya ce sai mun daina tunani da Hausa kafin Larabci ya zauna. Ni a shekaruna ban ga yadda zan cire Hausa daga kaina ba, da ita nake mafarki. 'Yata ta uku ma tana aji biyu na ƙaramar sakandare, a makarantarsu tarar naira 50 ake cin duk wanda aka ji yana Hausa. Tana karanta shafi guda na Turanci ba tuntuɓe, amma in na ce gaya mini abin da aka ce, sai ta sunkuyar da kai. Ciwona da nata ɗaya ne ko daban-daban?

Malam na Rigasa ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Tela, Allah ya ƙara basira. Shekara 19 ke nan ina koyar da nahawu da sarfu, wato ƙa'idojin jimla da na ginin kalma a Larabci, kuma ɗalibin da ya kasa barci saboda kalma ɗaya ba kullum ake samunsa ba.

Bari in fara da malaminka na zaure, don kada zuciyarka ta riƙe shi. Bai cuce ka ba. Tsoro yana cikin taƙawa, magabata da yawa sun yi bayaninta da shi, domin mutum ba ya kare kansa daga abin da ba ya shakka. Ɓangare ɗaya aka ba ka, kai kuma ka ɗauka shi ke nan duka. Malaman tafsiri suna kawo cewa Sayyidina Umar ya tambayi Ubayyu ɗan Ka'abu mece ce taƙawa. Ya ce masa, ka taɓa bin hanya mai ƙaya? Ya ce na'am. Ya ce me ka yi? Ya ce na tattare rigata na yi taka-tsantsan. Ya ce to ita ke nan. Ka lura da wanda ya yi tambayar: Baƙuraishe ne, Larabci harshen uwarsa, amma ya tambaya. Don haka ko ka iya Larabci kamar ruwa, tambaya ba za ta ƙare ba.

Shaihu Abubakar Gumi, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello nan Kaduna kafin rasuwarsa a 1992, da ya zo aya ta 2 ta Suratul Baƙara a fassararsa bai rubuta masu tsoron Allah ba. “Masu taƙawa” ya rubuta, ya bar kalmar yadda take, don ya ga babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauke ta. Ka kuma duba bangon irin waɗannan littattafai, za ka ga tarjamar ma'anoni ake cewa. Masu aikin da kansu suna gaya maka iyakar abin da suka kawo.

Kalmominka uku kuwa: haufu shi ne tsoro na kowa da kowa, tsoron maciji, tsoron talauci, tsoron abokin gaba. Hashya tsoro ne da ke tafe da sani da girmamawa, kusa da abin da muke ji in mun tsaya gaban mai kwarjini. Shi ya sa a Suratu Faɗir, aya ta 28, aka jingina ta ga masu ilimi. Wannan ayar ma tana da wani darasin. Sunan Allah ne ya fara zuwa, da wasalin sama, malamai suka zo a ƙarshe da rufu'a. A Hausa mai yin aiki shi yake zuwa farko, to wanda ya bi jerin kalmomin da kan Bahaushe zai juya maganar ta koma abin da ba ya halatta a faɗa. Wasali ɗaya ne ya nuna wa ke jin tsoron wa. Wannan ba ƙamus ne zai ba ka ba, sai nahawu.

Ramin da na fi jiye wa ɗalibi Bahaushe shi ne kalmomin aro. Dubi teburinka: allura daga al'ibra take, almakashi daga almiƙassu, aljihu daga aljaibu. Waɗannan lafiya lau, yadda suka zo haka suka zauna. Amma wasu da suka daɗe a gidan Hausa sun sake hali. Alhaƙƙu a Larabci gaskiya ce da abin da mutum ya cancanta, mu kuma in mun ce alhaki, zunubin zaluntar wani muke nufi. Fitina ta fi ba ni wahala a aji. A Suratul Anfali, aya ta 28, an ce dukiyoyinku da 'ya'yanku fitina ne. Bahaushe na ji sai ya gyaɗa kai, ya tuna yaron da ya hana shi barcin rana. Alhali asalin kalmar sa zinariya a wuta ne don a gane mai kyau daga gaurayayye, wato jarrabawa. Baƙuwar kalma ɗalibi yakan tsaya ya tambaya. Wadda ya ga kamar 'yar gida ce ita take kayar da shi.

Kada ka jefar da Hausa, babba ba ya koyo kamar jariri, da abin da ya sani yake kama abin da bai sani ba. Abin da za ka daina shi ne kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya. Ka ware shafi guda ga kowane tushe, duk jimlar da ka tsince shi a ciki ka rubuta ta cikakkiya, Hausar kuma ka rubuta ta da fensir. Ga aikin gida: Suratul A'arafi, aya ta 26. Ka duba, ka dawo ka ba mu labari.

Game da Mama, Allah ya kai haske kabarinta: ruwan da aka jawo da guga ruwan rijiya ne na gaske, yana kashe ƙishirwa, ana alwala da shi. Ba rijiyar ba ce dai. Ta sha, kuma ya ishe ta.

Ɗalibi daga Kawo ya amsa:

Baba Tela barka da ƙoƙari, Allah ya sa mu ma mu kai shekarunku muna neman ilimi. Ina aji uku a Jami'ar Jihar Kaduna. Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, ni ina bayan ɗan ajin su Baba. Yayana ya yi shekara 6 a Islamiyya yana fassara kalma-kalma, amma in Balarabe ya gaishe shi sai ya tsaya yana lissafi a ka. Ya tafi Sudan karatu, wata 8 kacal ya kira mu muna jinsa yana ciniki da mai shago. Ba wanda ya fassara masa komai a can, yunwa ce ta koya masa sunan burodi. Harshe ta kunne yake shiga. Baba, ku riƙa kunna tashar Larabci a waya a shago, ko sa'a ɗaya kullum, ko ba ku gane ba. A aji kuma ku roƙi malaminku minti 15 na ƙarshe a yi su ba Hausa. Tarar da ake cin ƙanwata kuwa ban goyi bayanta ba. Mu ma an ci mu, kuma abin da ta koya mana shi ne yin shiru a aji.

Malam na Rigasa ya sake amsawa:

Ɗana, maganarka ta sauraro gaskiya ce, na karɓa. Sai dai Larabcin kasuwar Khartoum daban yake da na littafi, kuma Malam Tela ba burodi ya fito saya ba. A haɗa biyun.

Hajiya, Unguwar Rimi, ta amsa:

Salamu alaikum. Malam Tela, jikata ce ta karanta mini tambayarka, na ce ta miƙo wayar. Na yi shekara 28 a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a garin nan. Aikina shi ne a miƙo mini takarda da Turanci ƙarfe biyar saura kwata, biyar da rabi ta fita a iska da Hausa.

Misalinka na tsohuwar riga ya shige ni, amma zan ɗan ja da kai. Mai fassara na ƙwarai ba tsohuwar riga yake bi ba. Shi ya ga jikin, ya auna da hannunsa. Damuwarsa ita ce yadin da aka ba shi daban ne. Kai ka fi ni sanin cewa awo ɗaya in ka yanka shi a shadda ka yanka shi a toyobo, ba za su zauna a jiki iri ɗaya ba, dole ka san inda za ka saki da inda za ka kama.

Ga misali daga sana'arka: Majalisar Ɗinkin Duniya. A sunanta na Turanci babu allura babu zare, ƙasashe masu haɗin kai kawai aka ce. An kafa ta a 1945 bayan yaƙi ya yayyaga duniya, wanda ya sa mata sunan Hausa sai ya dubi aikin da aka ce za ta yi, ya bar kalmomin. Haka gwamnatin riƙon ƙwarya, haka zaɓen fid da gwani, ƙuri'ar raba gardama, jirgi mai saukar ungulu. Ko ɗaya babu wanda ya bi sawun Turanci, amma tsohuwa a Soba ko Giwa in ta ji ta gane nan take. Mu mun tarar da hanya a share, tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, zuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna a 1962. Mutanen nan sun san harsunan biyu ciki da bai, shi ya ba su ƙarfin halin sakin kalma su kama nufi.

Abin da ya fi salwanta a fassara kuwa, a iya sanina, ba manyan kalmomi ba ne, ƙanana ne. Wata rana aka ba wani yaro sabon ɗauka labarin wani ma'aji da ake tuhuma kan ɓatan kuɗi. A Turancin akwai kalma guda da ke nuna zargi ne, kotu ba ta yanke hukunci ba. Yaron ya ɗauka kwalliya ce, ya tsallake ta, ya rubuta “ya sace”. Ni ce mai dubawa ran nan, ina sauri, ta wuce ni. Washegari matar mutumin ta zo bakin ƙofa da goyo a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi 'ya'yanta sun ƙi zuwa makaranta yau. Mun ba da haƙuri a iska har sau biyu, amma wanda ya ji na farko ba lallai ya ji na biyu ba. Har gobe ina ganin fuskar matar nan.

Kuma gyaran ba shi ne a sa “wai” ba. “Wai” tamu ba ta zuwa ita kaɗai, da taɓe baki take tafe. In ka ce wai ya sace, ka nuna kai ba ka yarda ba, ka ɗauki ɓangare ke nan ta ɗaya gefen. “Ana zarginsa da” ita ce ta tsaya a tsakiya. Ka ga a nan iya Turanci kaɗai bai fid da mutum ba, sai ya san nauyin kalmomin harshensa. Na ga masu digiri da yawa da suka faɗi a nan.

Batun 'yarka shi ya fi damuna. Furtawa take yi, ba karatu ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Harshen gida ba kishiyar Turanci ba ne. Kullum da dare ka sa ta karanta sakin layi ɗaya, ta rufe littafin, ta ba ka labarinsa da Hausa kamar tana ba ƙawarta. Da haka muke gwada sababbin ma'aikata, kuma ba ya ƙarya.

Sista, Kakuri, ta amsa:

Sannunku da hira. Baba Tela, ni Bajju ce daga wajen Zonkwa, Kirista, amma a Kakuri aka haife ni lokacin babanmu yana aiki a masaƙa, don haka da Hausa na yi wasan ƙasa. Shekarata 16 a aikin jinya. Na ga kowa yana maganar Larabci da Turanci a matsayin asali, Hausa tana karɓa. A wurin aikina abin a juye yake. Hausar majinyaci ce asali, Turancin da ke cikin fayil shi ne fassara, kuma in an yi kuskure jiki ne yake biya.

Mun taɓa yin wani likita ɗan bautar ƙasa daga kudu, mai ƙoƙari sosai, ya haddace zuciya, ciki, kai, jini, duk ya rubuta a ƙaramin littafi. Wata mata ta zo ta ce zuciyarta tana tashi. Yana jin zuciya ya jawo takardar gwajin zuciya. Na ce likita dakata, amai take ji, tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Ciki ne wata biyu. Kalmar ya sani, maganar ce bai sani ba. Haka “sanyi”, mace za ta ce sanyi ke damunta, wata ciwon gaɓoɓi take nufi, wata mura, wata kuma abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gaban namiji ba. “Shawara” ma ido ne ya yi rawaya, amma abin da ya jawo shi sai an bincika.

Wadda ta fi duka ita ce “da sauƙi”. Wani dattijo, likita ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Likita ya rubuta yana samun sauƙi. Ni kuwa ina kallon yadda ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka fito. Dattijon Bahaushe ba zai ce maka jiki ya yi tsanani ba, ladabi ne da tawakkali. Sai na durƙusa na ce Baba, jiya ka runtsa? Ya ce a'a. Ka iya shan kunu? Ya girgiza kai. A nan aka samu gaskiyar. Babu ƙamus ɗin da zai koya maka wannan, sai zama da mutane.

Kan mahaifiyarka kuma, Allah ya jiƙanta, ka tuna mini da kakata. Ba ta san Ibrananci ko Girkanci ba, harsunan da aka rubuta akasarin Littafi Mai Tsarki da su. Na Hausa take riƙe da shi, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, kuma Hausar ma ba harshen uwarta ba ce, da Jju take tunani. Nisa biyu ke nan tsakaninta da asali. Amma kalmar alheri da take karantawa a ciki, ban ga wanda ya fi ta gane ta ba. Duk almajirin layinmu ya san ƙofarta. Ni dai ban yarda inuwa tsofaffin nan suka riƙa ba.

Telan Kasuwar Barci ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Kwana huɗu ban leƙo ba, aikin biki ne ya taso, amma na karanta komai, wasu sau uku.

Allah ya gafarta Malam, na yi aikin gida. Libasut taƙawa, tufar taƙawa, kuma an ce ita ce mafi alheri. A shago na karanta ta, rigar wani ango tana kan cinyata ina yi mata kalmasa, sai da na ajiye allura. Na sayi sabon littafin rubutu, shafin farko na wau, ƙaf da ya ne, yanzu jimla biyar ke ciki, Hausar da fensir kamar yadda kuka ce. Har na goge sau biyu.

Hajiya, na karɓi gyara. Na zargi masu fassara da bin tsohuwar riga, ashe ni ne na riƙe riga ɗaya shekara 30 ban koma an sake auna ni ba. Na gwada abin da kika ce da 'yata. Daren farko ta rufe littafin ta yi shiru har na ji tausayinta. Daren jiya ta karanta wani sakin layi kan yadda ruwan sama yake samuwa, ta rufe, ta daɗe, sannan ta ce, “Baba, rana ce take ɗaga ruwan kogi sama kamar tururin tukunya, in ya huce sai ya dawo.” Uwarta da ke wanke-wanke sai da ta leƙo. Ɗana na Kawo, tashar tana kunne a shago tun shekaranjiya, yarana suna ta tambaya ko Umara zan tafi. Cikin sa'a guda kalma bakwai na kama. Sista, maganarki kan kakarki ta sanyaya mini rai fiye da yadda kike zato, na gode.

Na kuma kira babban ɗana, yana aiki a Abuja. Ban iya yi masa dogon bayani ba, labarin hanya mai ƙaya kawai na ba shi. Ya yi shiru, sannan ya ce zai zo ƙarshen wata.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Autana shekararsa 7, kuma na san ba da daɗewa ba zai yi abin da zan buɗe baki in ce ka ji tsoron Allah. Ba na so in daina faɗa, tunda Malam ya ce tana ciki, amma ba na so ta zama ita kaɗai. Na gwada “ka kiyayi Allah”, na ji ta fita kamar kashedin da ake yi wa mutum kan abokin gaba, ban sake ba. Na gwada “ka kiyaye dokar Allah”, ta yi tsawo a bakin uba mai fushi, kuma kariyar ta koma kan doka, ba kan yaron ba. Wadda na tsaya a kai yanzu ita ce “ka tsare kanka, Allah yana ganinka”. Malam, wannan ta kama hanya, ko akwai wadda ta fi ta? Ranar Laraba muke da aji, ina so in je da ita in nuna wa malaminmu.